ƘASAR HIDA, INDA ƁARƁASHIN ITACE YA ZAMA DUKIYA

Jirgin ƙasan da ke tashi daga birnin Nagoya ya nufi arewa yakan yi kamar awa biyu da rabi kafin ya isa Takayama, babban garin ƙasar Hida a tsakiyar Japan. Tafiyar ba ta wuce mil 100 da 'yan kai ba, amma da zarar jirgin ya bar fadamun shinkafa na kudancin lardin Gifu sai hanya ta ƙuntata, ya dinga bin gaɓar Kogin Hida, yana kutsawa cikin dutse yana ɓullowa, ga ruwa kore shar a ƙarƙashinsa, ga tsaunuka sun yi masa rumfa dama da hagu. Ko ina mutum ya ɗaga ido itatuwa ne. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙasar da ke ƙarƙashin hukumar garin Takayama daji ne.

Wannan daji shi ne arzikin mutanen Hida tun fil azal. A ƙarni na 8, sa'ad da fadar sarkin Japan take Nara, hukuma ta ga mutanen tsaunukan nan ba su da abin biyan haraji kamar sauran larduna, sai ta yafe musu wani sashe nasa, a maimakon haka kowace gunduma mai gidaje 50 ta riƙa aikawa da mutum 10 suna aikin gini a babban birni. Ta haka kafintocin Hida suka yi suna. A shekarar 1692 kuma sarakunan yaƙin da ake kira Shogun suka karɓe mulkin ƙasar suka riƙe da kansu, ba don kome ba sai don katako da ma'adinan da ke cikinta. Har yanzu wanda ya ratsa tsohuwar unguwar Sanmachi, inda gidajen attajiran dā suke jere baƙi ƙirin, zai ji ƙanshin sabon itace na fitowa daga rumfunan masassaƙa.

Yawancin baƙin da ke zuwa Takayama kallon tsofaffin gidaje ke kawo su, ko kasuwar safe ta bakin Kogin Miyagawa, ko bikin garin da ake yi a watan Afrilu da na Oktoba. Amma akwai wasu baƙi na daban, waɗanda za a gan su sun shiga kantin tsofaffin kaya sun ɗauki wani ɗan guntun itace baƙi wanda bai fi ɗan yatsa ba, suna juya shi, suna duba bayansa da madubin ƙara girma, har su kai shi hanci su sunsuna. Waɗannan su ne masu tara ƙananan gumakan addinin Buda, kuma ƙasar Hida ita ce wurin da kowannensu yake burin zuwa.

Addinin Buda ya shiga Japan ta hanyar Koriya a tsakiyar ƙarni na 6, ya zo da siffofinsa na tagulla, amma da yake ƙasar ta itace ce, ba a daɗe ba masassaƙa suka karɓe aikin daga hannun maƙera. Manyan gumakan da ke haikalan Nara da Kiyoto sarakuna da fadawa suka sa aka yi. Ƙananan kuwa na kowa da kowa ne. Akwai Kannon mai fuskar tausayi, akwai Jizo mai aski ƙwal da sanda a hannu, wanda suke ɗauka majiɓincin yara da matafiya, akwai Yakushi mai riƙe da tulun magani, akwai kuma Fudo mai ɗaure fuska, takobi a dama, igiya a hagu, harshen wuta a bayansa. Wasu akan ajiye su cikin ɗan akwati mai ƙyaure biyu da ake kira zushi, wanda matafiyi zai iya sa shi a ƙirjin riga. Wasu kuma a kan kantar ɗakin girki suka yi shekara 200 ko 300 suna shan hayaƙi, har suka koma kamar gawayi. Wannan baƙin, wanda uwargida za ta so ta kankare, shi ne abin da mai tarawa yake biya da tsada.

Mai barandami

Duk cikin masassaƙan ƙananan gumaka ba wanda ake nema kamar Enku. An haife shi a lardin Mino, watau kudancin Gifu ta yanzu, a shekarar 1632. Labarin da ake bayarwa a ƙasarsu shi ne ambaliyar Kogin Nagara ta cinye mahaifiyarsa tun yana yaro, abin da ya sa ya bar gida ya shiga zuhudu. Bai zauna a babban haikali ba. Ya bi tafarkin masu ibada a kan tsaunuka, yana kwana cikin kogo, yana yawo daga ƙauye zuwa ƙauye, har ya ƙetare teku zuwa tsibirin Hokkaido a 1666, lokacin da Japanawa kaɗan ne suke zaune can. An ce ya yi alwashin sassaƙa gumaka 120,000. A bayan wani gunki da ke Kamitakara a ƙasar Hida akwai rubutunsa na shekarar 1690, wanda masana da yawa suka karanta da ma'anar ya cika 100,000. Waɗanda aka gano zuwa yanzu sun haura 5,000, fiye da 3,000 a lardin Aichi, fiye da 1,000 a Gifu, sauran kuma a warwatse har Hokkaido.

Masassaƙan Kiyoto na zamaninsa sukan haɗa katako da yawa, su goge, su shafa fenti da ruwan zinariya, gunki ɗaya ya ci watanni. Enku bai bi wannan hanya ba. Yakan sami gungume ya faskara shi da barandami gida biyu ko uku ko huɗu, ya bar gefen da ya tsage yadda yake, ya fitar da fuska da 'yan sara kaɗan. Ido layi ɗaya ne, baki layi ɗaya mai ɗan murmushi, ninkin riga kuwa sawun ƙarfe ne kawai. In itacen yana da gaɓa ko karkata, sai ya bar ta ta zama kafaɗa ko gwiwa. Masu bincike sun nuna ya yi amfani da cizal iri iri ban da barandami, saboda haka gaggawar da ake gani a aikinsa ta gwani ce wanda ya san inda ƙarfe zai faɗa. A baya kuma yakan rubuta sunan gunkin ko wani harafi na tsohon rubutun Indiya da tawada.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, Enku bai yi waɗannan abubuwa don sayarwa ba. Inda aka ba shi masauki ya bar ɗaya, inda fari ya yi tsanani aka roƙe shi addu'ar ruwa ya bar ɗaya, inda annoba ta shiga ya bar da yawa. Mutanen ƙauye ma ba su ɗauke su kayan ƙawa ba. Dattawa a Hida da Mino suna ba da labarin yadda yara suke ɗaukar gumakan Enku su tafi da su wanka a rafi, suna kama su kamar gora, ko su ɗaura musu igiya suna ja a ƙasa. Akwai waɗanda fuskarsu ta shafe sarai saboda wannan wasa, kuma a wurare da dama manya ba su hana ba, don sun ce gunkin yana son yara.

Talatin da uku, babu biyu

Daga Takayama mota takan ɗauki kamar minti 20 zuwa gindin tsaunin da haikalin Senkoji yake, a yankin Nyukawa, sa'an nan a hau wata siririyar hanya mai kwana-kwana cikin manyan itatuwa har kusan ƙafa 3,000 sama da teku. Da hunturu dusar ƙanƙara takan rufe wurin, ɗakin ajiyar kayan tarihinsa ma akan kulle shi sai bazara. Enku ya sauka nan a shekarun 1680, ya yi abota da babban malamin haikalin, ya bar gumaka sama da 60.

Wanda ya fi suna shi ne Ryomen Sukuna, mai fuska biyu, tsayinsa kusan ƙafa 3. Tsohon littafin tarihin fada na ƙarni na 8 ya kira Sukuna ɗan tawaye mai mugun kama wanda sarki ya aika aka kashe. Mutanen Hida kuwa gwarzonsu ne, har suna cewa shi ya kafa haikalin. Enku ya bi ra'ayin masu masaukinsa, ya jera fuskokin biyu gefe da gefe, ɗaya a murtuke ɗaya cikin natsuwa, ya ɗora masa gatari a cinya kamar kowane mai saran daji. Akwai kuma wani ƙaton mai gadi da ya sassaƙa a jikin itace tun yana tsaye da saiwarsa, an ce tsani ya kafa ya hau.

Amma abin da ya fi tsayar da mai tarawa shi ne jerin Kannon da ke tsaye kafaɗa da kafaɗa, sirara kamar taɓare, kowanne da irin nasa murmushin. Bisa al'ada 33 ya kamata su zama, 31 ne suke nan. Bayanin da haikalin yake bayarwa shi ne, a dā in wani ya kwanta ciwo a ƙauyukan da ke gindin tsaunin, danginsa sukan hau su ari ɗaya su ajiye a kan majinyacin, in ya warke su mayar. Biyu ne ba su dawo ba. Shekaru aru-aru ana ba da aron abin da yau ake sa wa ƙararrawar ɓarayi, aka rasa biyu kacal.

Ƙananan na ainihi, waɗanda suka sa masu tarawa hauka, sai an koma Nagoya ake ganin tarinsu. A haikalin Arako Kannon da ke yammacin birnin, Enku ya sassaƙa masu gadin ƙofa biyu wajen shekarar 1676, kowanne ya kai ƙafa 10. Ɓarɓashin da ya zuba bai bar shi ya tafi murhu ba. Kowane sassaƙe ya ɗauka ya yi masa ido da hanci da baki, wani inci 1, wani inci 2 ko 3, wani a karkace yadda ƙarfe ya ɓalle shi. Japanawa suna kiransu koppa-butsu, watau gumakan ɓarɓashi. A 1972 aka buɗe wani akwati da ya daɗe a rufe a haikalin, aka tarar da fiye da 1,000 a cunkushe ciki. Da yake ba su sha hayaƙi ko rana ba, da yawansu suna nan da hasken itacensu kamar jiya aka sare. Jimlar abin da haikalin yake da shi ya haura 1,200, kuma ranar Asabar ta biyu a kowane wata kaɗai ake buɗe wa jama'a.

Yadda kasuwa ta buɗe

Tarihin sayen gumaka a Japan ya faro ne daga wata masifa. A 1868 sabuwar gwamnatin Sarki Meiji ta ba da umurnin raba addinin Buda da addinin gargajiya na Shinto, waɗanda suka yi fiye da shekara 1,000 a cakuɗe. A larduna da dama abin ya zama tarzoma, aka rushe dubban haikalai, aka ƙona gumaka, aka yi makamashi da wasu, aka sayar da wasu a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Turawan da suka iso a wannan lokaci sun tarar da gara. Bafaranshe Emile Guimet ya zo a 1876 ya kwashi ɗaruruwa, suna nan a gidan kayan tarihin da ke ɗauke da sunansa a Faris. Ba'amurke William Bigelow da abokinsa Ernest Fenollosa suka tara abin da ya mai da gidan kayan tarihi na Boston ɗaya daga cikin manyan rumbunan fasahar Japan a waje. Ana iya zarginsu da cin moriyar rikici, amma gaskiya ita ce da yawa daga abin da suka saya da wuta ce za ta ci shi. Sai a 1897 Japan ta yi dokar kare tsofaffin haikalai, ta kuma yi wadda ta fi ta ƙarfi a 1950, bayan gobarar da ta lalata zanen bangon haikalin Horyuji a 1949.

Aikin Enku bai shiga wannan ciniki na farko ba, don ba wanda ya ɗauke shi fasaha. Sai a ƙarni na 20 idon mutanen birni ya buɗe ga sassaƙar ƙauye. A 1924 masani Yanagi Soetsu ya je lardin Yamanashi kallon tangaran Koriya a gidan wani mai tarawa, ya ci karo da gumaka masu kumatu da fara'a na wani mai zuhudu, Mokujiki, wanda ya rasu a 1810, ya bi sawunsu lardi lardi yana rubutawa. A 1931 masassaƙi Hashimoto Heihachi ya ga aikin Enku a Senkoji ya yaba shi matuƙa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da masu zane suka koyi son siffar da ba a goge ba, sai aka wayi gari ana kwatanta mai barandamin ƙauye da manyan masu fasahar zamani na Turai. Nune-nune suka biyo baya, har babban gidan kayan tarihi na Tokiyo ya jera guda 100 daga Hida a 2013. Farashi ya tashi, dillalai suka bazu ƙauyuka.

Wanda yake son saye yau yakan fara ne daga Kiyoto, ko a kantunan titin Shinmonzen, ko a kasuwar da ke ci a harabar haikalin Toji ran 21 ga kowane wata, inda ake baza tsofaffin kaya a kan tabarmi tun da asuba. Ƙaramin Jizo ko Kannon na masassaƙin da ba a san sunansa ba, na ƙarni na 18 ko 19, ba shi da wuyar samu, kuma ma'aikaci mai albashi zai iya saye. Na Enku na gaskiya kuwa maganar miliyoyin yen ake yi, shi ya sa jabu ya yi yawa. Salon da ya yi kama da mai sauƙi shi ya fi jawo 'yan damfara. Sukan nemi ginshiƙin tsohon gidan da aka rushe, su sassaƙa, su turara da hayaƙi, su shafa toka da mai. Masana sukan duba ko baƙin ya shiga cikin sawun ƙarfe kamar yadda shekaru ke shigar da shi, ko ramukan ƙwaro sun riga sassaƙar ko sun biyo bayanta, ko hannun rubutun baya ya yi daidai da na shekarun da ake da'awa. Duk da haka abin da ya fi kome nauyi shi ne asali, watau daga wane gida ko wane ɗakin ibada abin ya fito, kuma ta hannun wa. Dillalin da ya yi shiru a kan wannan tambaya, ko dai kayansa jabu ne, ko kuwa na gaskiya ne amma ta taga ya fito.

Akwai wata al'ada da ke sauƙaƙa wa mai sayarwa zuciya. A imanin mabiya addinin, gunki itace ne kawai sai malami ya yi masa bikin buɗe ido, haka kuma kafin a gyara shi ko a rabu da shi akan kira malami ya yi addu'ar cire abin da aka sa masa. Daga nan ya koma kaya kamar kowane kaya. Ɓarawo dai ba ya jiran malami.

Ƙauyukan da suka tsufa

Matsalar da ke damun Hida da Mino yanzu ta rashin mutane ce. Matasa sun tafi Nagoya da Tokiyo, ƙauyen da dā yake da gida 40 ya koma gida 8 na tsofaffi, ɗakin ibadar da ke bakin daji kuwa ba malami, ba mai gadi, sai ɗan kwaɗo a ƙofar katako. A 2005 ɓarayi suka shiga irin wannan ɗaki a Toyaichi, cikin ƙasar garin Seki, suka kwashe gumakan Enku 21. Seki kuwa nan ne Enku ya ƙare rayuwarsa a 1695, a bakin Kogin Nagara. A lardin Wakayama da ke kudu abin ya fi muni, domin tsakanin 2010 da 2011 an sace gumaka sama da 150 daga wurare kamar 60. Ƙanana su ne suka fi tafiya, tun da aljihun kwat ya ishe su.

Doka ba ta cika taimakon mutanen ƙauye ba. Dillalin tsofaffin kaya sai da lasin 'yan sanda yake aiki, kuma abin da hukuma ta yi wa rajistar muhimmin kayan tarihi ba a fita da shi daga ƙasar. Amma yawancin ƙananan gumakan ƙauye ba su da rajista, wasu ko hotonsu ba a taɓa ɗauka ba, saboda haka in an gan su a gwanjo ba yadda za a tabbatar. In ma an tabbatar, dokar Japan ta ba wanda aka yi wa sata shekara 2 ne kawai ya karɓi kayansa daga hannun wanda ya saya bisa rashin sani, kuma in a gwanjo ko a kasuwa ya saya, sai an biya shi kuɗinsa. Tsofaffi takwas masu cin fansho ba su da miliyoyin da za su fanshi abin da aka ba kakanninsu kyauta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin mai tarawar da ya biya bai tambayi asali ba shi ne ya sa wa ɗakin ibadar gaba farashi.

Mafitar da aka samu ita ma tana da ɗaci. Garuruwa sun gina gidajen ajiya, kamar na Enku da ke Seki da na Minami a Gujo, inda ƙauyuka ke kai nasu amana, a sa su bayan gilashi, a daidaita musu zafi da laima. A Wakayama, tun 2012 gidan kayan tarihi na lardin ya haɗa kai da ɗaliban wata makarantar koyon sana'a, suna auna gunki da na'ura, kwamfuta ta ƙera kwafinsa da roba, a yi masa fenti har da baƙin hayaƙin, a kai wa ƙauye, na ainihin kuma ya zauna a birni. Mutanen ƙauyukan sun karɓa, har sukan kira malami ya yi wa na robar bikin buɗe ido.

A wasu ƙauyukan Hida an ƙi bayarwa. An sa ƙofar ƙarfe, an sayi akwatin da wuta ba ta ci, makulli kuma yana zagayawa gida gida, kowane magidanci ya riƙe shekara guda. Baƙon da yake son gani sai ya bi ta ofishin hukumar gari tun da kwanaki, a sa masa rana. In ranar ta zo wani dattijo zai fito da takalmin gona, ya buɗe, ya tsaya a bakin ƙofa har baƙon ya gama. Sau da yawa yakan roƙa kada a ɗauki hoto, in kuma za a rubuta labari, kada a faɗi sunan ƙauyen.